Harajin Kabon: Ina Yake Rage Hayaƙi, Ina Yake Tara Kuɗi Kawai?

Da wuya ka ga masana tattalin arziki sun haɗu a kan magana ɗaya, amma a kan harajin kabon saura ƙiris. A Janairun 2019 jaridar Wall Street Journal ta buga wata sanarwa wadda daga baya masana fiye da 3,500 suka sa wa hannu. A cikinsu akwai masu lambar Nobel sama da ashirin, da tsofaffin shugabannin babban bankin Amurka huɗu. Abin da suka ce shi ne, babu hanyar rage hayaƙin da ke ɗumama duniya da ta kai ɗora masa haraji arha. Har yau Amurka ba ta da irin wannan haraji a matakin tarayya. Ostareliya ta kafa nata a 2012, ta soke shi a 2014. Faransa ta daina ƙara nata tun ƙarshen 2018. Kanada kuwa, wadda aka daɗe ana buga misali da ita, ta cire wa masu sayen mai nasu kason a ranar 1 ga Afrilun 2025. Dole mutum ya tambaya: abin nan da masana ke yabo, 'yan siyasa ke gudu, yana ma aiki kuwa?

Tushen tunanin tsoho ne. Tun 1920 wani masani ɗan Ingila, Arthur Pigou, ya lura cewa akwai ɓarnar da mai sana'a ke yi wadda ba shi ke biyan kuɗinta ba. Mai masana'anta ya ƙona kwal ya ci riba, hayaƙin ya tafi sama, wasu can su sha fari ko ambaliya. Tunda ɓarnar ba ta shiga lissafinsa, babu abin da zai sa ya rage. Maganin Pigou shi ne a sa wa ɓarnar farashi. Idan kowane tan na iskar kabon dayoksaid yana da kuɗinsa, kowa zai duba nasa aljihun ya nemo inda ragewa ta fi masa sauƙi, ba sai hukuma ta bi mutane gida gida tana cewa wane ya canza injinsa, wane ya canza tukunyarsa ba. Finlan ce ta fara gwadawa a 1990, Suwidin da Nowe suka biyo a 1991, Denmak a 1992. Wato muna da tarihin shekara talatin da wani abu da za a iya dubawa.

Sai dai dubawar ba ta da sauƙi, kuma a nan ne gardamar take yawan ɓata. Mai goyon baya zai ce, ga shi an sa haraji hayaƙi ya sauka. Mai adawa zai ce, ga wata ƙasa an sa haraji hayaƙi ya ƙaru. Duk su biyun ba su ce komai ba. Hayaƙin ƙasa yana hawa da sauka saboda dalilai barkatai: tattalin arziki ya bunƙasa ko ya karye, sanyin hunturu ya yi tsanani ko ya yi sauƙi, farashin ɗanyen mai ya tashi, jama'a sun ƙaru, an rufe wata tsohuwar masana'anta don dalilin da bai shafi yanayi ba. Tambayar gaskiya ita ce, da ba a sa harajin ba, da hayaƙin ya kai ina? Wannan kuma abu ne da bai faru ba, sai dai a ƙiyasta shi.

Wani masani mai suna Julius Andersson ya yi irin wannan ƙiyasi a kan Suwidin, aka buga a 2019. Ya tattara bayanan wasu ƙasashe masu arziki da ba su sa harajin ba, ya gauraya su ya fitar da wata ƙagaggiyar Suwidin wadda hayaƙin motocinta ya yi tafiya kafaɗa da kafaɗa da na ainihin Suwidin tsawon shekaru kafin 1990. Daga nan sai ya duba inda hanyoyinsu suka rabu. Ya samu cewa hayaƙin sufuri a ainihin ƙasar ya yi ƙasa da na ƙagaggiyar da kusan kashi 11 cikin 100, kuma mafi yawan wannan tazara harajin kabon ne ya kawo ta, sauran kuma wani harajin saye da aka ɗora wa mai a lokaci guda. Ya kuma lura da wani abu mai ban sha'awa: mutane sun fi rage shan mai idan haraji ne ya ɗaga farashi, fiye da idan kasuwar duniya ce ta ɗaga shi daidai wannan adadi. Dalilin bai ɓuya ba. Tsadar kasuwa ana sa ran za ta wuce, haraji kuwa an san ya zo zama, don haka mai shirin sayen mota zai sa shi a lissafi.

Kashi 11 ba ƙaramin abu ba ne, amma a tuna Suwidin tana cikin masu haraji mafi tsada a duniya. Ta fara da kurona 250 a kan tan, yau ya haura kurona dubu, wato sama da dala 100. Idan farashi mai nauyi haka ya iya wannan kaɗai a kan motoci, me ake tsammani daga wanda bai kai dala goma ba?

A ganina, wurin da ya fi ko'ina bayyana yadda harajin ke aiki shi ne Birtaniya, kuma ya cancanci a tsaya a kansa. A 2012 kusan kashi 40 cikin 100 na wutar lantarkin ƙasar daga kwal yake. A Afrilun 2013 gwamnati ta ƙara wani haraji na musamman a kan man da tashoshin lantarki ke ƙonawa, ƙari a kan farashin kasuwar kabon ta Tarayyar Turai (inda kamfanoni ke sayen takardun izinin fitar da hayaƙi) wanda a lokacin ya faɗi warwas. Zuwa 2015 wannan ƙari ya kai fam 18 a kan tan. Kafin 2017 ta ƙare, kason kwal ya sauko ƙasa da kashi 10. A ranar 30 ga Satumban 2024 aka kashe tasha ta ƙarshe, ta Ratcliffe-on-Soar, a ƙasar da ta fara koya wa duniya ƙona kwal don masana'antu.

Me ya sa fam 18 kacal ta yi wannan aiki? Sai a yi lissafi. Tashar kwal tana fitar da kusan kilo 900 na kabon dayoksaid kafin ta samar da megawat ɗaya na awa guda. Tashar iskar gas ta zamani tana fitar da kusan kilo 400. Da harajin, kuɗin kwal ya ƙaru da wajen fam 16, na gas da wajen fam 7. Wannan tazara ta fam tara ta isa ta juya layi, domin a kasuwar lantarki tashar da ta fi arha ake fara kunnawa. Kwal da yake gaba ya koma baya. Abu mafi muhimmanci kuma, tashoshin gas ɗin suna nan a gine tun daga shekarun 1990, da yawansu ba sa aiki da cikakken ƙarfi. Ba a buƙaci a ƙirƙiro wata fasaha ko a shawo kan miliyoyin mutane ba. Kamfanoni ƙalilan ne, masu akantoci da ke ƙirga kowane kwabo, kuma madadin yana tsaye yana jira. Gaskiya ne cewa akwai wasu abubuwan da suka taimaka: dokokin Turai kan gurɓatar iska sun riga sun yanke wa tsofaffin tashoshi wa'adi, gas ya yi sauƙi, injinan iska na teku suna ƙaruwa da tallafin gwamnati. Duk da haka, binciken da Marion Leroutier ta yi ya nuna harajin shi kaɗai ya rage hayaƙin ɓangaren lantarki da kashi 20 zuwa 26 cikin 100 a shekara tsakanin 2013 da 2017.

Yanzu a ɗauki wannan fam 18 ɗin a kai ta gidan mai. Litar fetur ɗaya tana fitar da kusan kilo 2.3 na kabon dayoksaid, don haka harajin zai ƙara wajen kwabo huɗu ne a kan lita. Wa zai sayar da motarsa saboda kwabo huɗu? Mutumin da gidansa ke nesa da wurin aikinsa, babu jirgin ƙasa babu bas, zai yi tsaki ya biya ya wuce. Farashi ɗaya ne, amma a can ya durƙusar da masana'anta sukutum, a nan ko gezau.

Wannan shi ne jigon maganar. Haraji turi ne, kuma turi yana amfani ne idan akwai ƙofa a buɗe a gaban wanda ake turawa. Idan bango ne a gabansa, sai dai ya ji ciwo ya tsaya inda yake. Ko a Suwidin, babbar nasarar a ɗumama gidaje aka same ta fiye da a kan titi. Biranen ƙasar suna da bututan ruwan zafi da ke tashi daga tukunya guda su ratsa unguwanni, ƙasar kuma tana da dazuzzuka da ragowar itace mai yawa daga masana'antar katako. Da mai ya yi tsada, sai hukumomin birane suka sauya abin da suke zubawa a tukunyar, masu gidajen kansu kuma suka koma na'urorin janyo zafi masu aiki da lantarki. Lantarkin ƙasar dama galibinsa daga madatsun ruwa da nukiliya yake. Shi ya sa hayaƙin Suwidin ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku daga 1990 yayin da tattalin arzikinta ya ci gaba da girma. Wanda zai kwafi adadin harajinta ba tare da bututanta da dazuzzukanta ba, kada ya sa ran sakamakonta.

Nowe ta ba da darasi iri biyu a lokaci guda. Wani bincike na Annegrete Bruvoll da Bodil Larsen da aka buga a 2004 ya ƙiyasta cewa a shekarun 1990 harajin bai rage hayaƙin ƙasar da fiye da kusan kashi 2 ba, domin an yafe wa manyan masana'antu masu narkar da ƙarafa, an bar nauyin a kan inda mutane ba su da zaɓi. Amma wannan harajin dai shi ya sa kamfanin Statoil ya fara, a 1996, tace kabon dayoksaid daga gas ɗin rijiyar Sleipner yana tura shi ƙarƙashin teku maimakon sakinsa sama, saboda binnewar ta fi biyan harajin arha. Inda injiniya ke da mafita a hannu, farashi ya fito da ita.

Lardin British Columbia na Kanada ya fara a 2008 da dalar Kanada 10 a kan tan, yana ƙara biyar duk shekara har ya kai 30 a 2012, ana mayar da kuɗin ta hanyar rage wasu haraji. Nazarin farko-farko ya sa ragin tsakanin kashi 5 zuwa 15. Daga baya Felix Pretis ya sake dubawa ya ce ya ga ragi a sufuri, amma a jimillar hayaƙin lardin bai ga canjin da za a iya rantsuwa da shi ba. Har yanzu ana ja a kai.

Idan aka haɗa duka fa? Jessica Green ta tattara binciken da aka yi zuwa 2021, ta ce yawancinsu sun nuna ragin da bai wuce kashi sifili zuwa 2 a shekara ba, ta kuma yanke cewa wannan bai isa ba. A 2024 wata tawaga ta buga babban nazari a mujallar Nature Communications, ta duba bincike 80 kan tsare-tsare 21 na sa wa kabon farashi, da haraji da kasuwar takardun izini. Ta samu ragin kashi 5 zuwa 21, wanda ya koma 4 zuwa 15 bayan an yi la'akari da cewa mujallu sun fi son buga binciken da ya samo sakamako. Ana yawan kawo waɗannan biyun kamar suna karo, alhali idan ka tara kashi ɗaya ko biyu na shekara tsawon shekara goma, kusan wuri ɗaya za ka sauka. Saɓanin yana kan ma'auni ne. Idan tambayar ita ce ko yana ragewa, amsar i ce, kuma shaidar ta yi ƙarfi. Idan tambayar ita ce ko ragin ya kai saurin da yarjejeniyar Faris ta 2015 kan sauyin yanayi ke buƙata, ko kusa.

Wani ɓangare na laifin ba na harajin ba ne, na yadda ake rubuta shi ne. Kwamitin da Joseph Stiglitz da Nicholas Stern suka jagoranta a 2017 ya ce ana buƙatar dala 40 zuwa 80 a kan tan kafin 2020, da 50 zuwa 100 kafin 2030. A 2024 Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na hayaƙin duniya ne ke ƙarƙashin wani irin farashi, kuma ɗan kaɗan ne daga ciki ya kai wancan mizani. Na Japan yen 289 ne a kan tan, wato dala biyu zuwa uku. Afirka ta Kudu ta fara a Yunin 2019 da ran 120, amma ta ba kamfanoni rangwamen da ke kaiwa kashi 60 zuwa 95, har abin da wasu ke biya a zahiri ya sauko ran 6. Meziko ta sa nata a 2014 ta tsame iskar gas. A gefe guda kuma Asusun Ba da Lamuni na Duniya ya lissafa cewa a 2022 gwamnatoci sun kashe kusan dala tiriliyan 1.3 kai tsaye wajen sauƙaƙa farashin mai da gas da kwal, yayin da duk kuɗin da farashin kabon ya tara a duniya a 2023 bai wuce dala biliyan 100 da 'yan kai ba. Ana karɓa da dama, ana bayar da ninki goma da hagu. Auna irin wannan haraji a ce bai yi aiki ba, rashin adalci ne ga tunanin Pigou.

Amma masu kare harajin su ma kada su fake a nan. Cewa "da an sa shi da tsada da ya yi aiki" magana ce da ke tsallake ainihin matsalar, domin ƙarancin farashin ba kuskure ba ne, iyakar abin da siyasa ta iya ɗauka ke nan. Harajin Faransa ya tashi daga yuro 7 a 2014 zuwa 44.6 a 2018. A Nuwamban wannan shekara masu zanga-zanga sanye da riguna ruwan ɗorawa suka fito, akasarinsu mutanen ƙauyuka da gefen birane da rayuwarsu ta rataya a kan motar dizal, kuma suna kallon gwamnatin da ba ta daɗe da sassauta wa masu dukiya haraji ba. Aka dakatar da ƙarin, yana nan a 44.6. Ka lura, waɗanda suka tayar da ƙayar baya su ne daidai mutanen da babu ƙofa a gabansu. Inda harajin ya fi rashin tasiri a kan hayaƙi, nan ne ya fi zafi a jiki, kuma nan ne ƙuri'u suke.

Masana sun ɗauka sun samo maganin wannan: a mayar wa jama'a kuɗin daidai wa daida. Tunda mai hali ya fi talaka ƙona mai, yawancin masu ƙaramin ƙarfi za su karɓi fiye da abin da suka biya. Kanada ta yi haka daga 2019, tana mayar da kusan kashi 90 na kuɗin ga iyalai, farashin ya kai dalar Kanada 80 a 2024. Suwizalan tana mayar da kaso mai yawa na nata ta hanyar rage kuɗin inshorar lafiya. Binciken da Matto Mildenberger da abokan aikinsa suka buga a 2022 ya gano cewa a ƙasashen biyu mutane da yawa ba su san ana mayar musu ba, ko kuma sun raina adadin, kuma jam'iyyar da mutum ke bi ta fi lissafin aljihunsa tasiri a kan ra'ayinsa. Farashin mai kullum yana rubuce ɓaro-ɓaro a bakin titi, kuɗin mayarwa kuwa yana shiga asusu shiru sau huɗu a shekara. A Kanada, madugun adawa Pierre Poilievre ya mayar da soke harajin takensa, kuma Mark Carney, wanda ya daɗe yana cikin masu kare sa wa kabon farashi, shi da kansa ya cire shi a ranarsa ta farko a kujerar firaminista. Ya bar na manyan masana'antu, wanda dama shi ake ganin ya fi rage hayaƙi.

Wannan rashin tabbas yana cin tasirin harajin tun kafin a soke shi. Mai gina tashar lantarki ko masana'antar siminti yana lissafin shekara talatin ne ko arba'in, don haka farashin da yake tsammani nan gaba ya fi na yau muhimmanci a wurinsa. A Ostareliya, madugun adawa na lokacin, Tony Abbott, ya sha alwashin soke harajin tun kafin gwamnatin Julia Gillard ta fara karɓarsa a kan dalar Ostareliya 23. Hayaƙin lantarki ya sauka a cikin shekara biyun da ya yi, ya sake hawa bayan an soke, wanda shi kansa shaida ce cewa farashi na aiki. Amma wa zai zuba biliyoyi a sabon gini bisa dokar da kowa ya san zaɓe ɗaya ne tsakaninta da kabari?

Akwai kuma abin da harajin bai yi ba, wanda ya kamata a faɗa a fili. Babban canjin da aka gani a harkar makamashi cikin shekara ashirin shi ne faɗuwar farashin farantan hasken rana da batura, da kusan kashi 90 a shekarun 2010. Dokar Jamus ta 2000 da ta ba masu sola tabbacin farashi mai tsoka, da masana'antun Sin da gwamnati ta tsaya wa, su suka yi wannan aiki. Hanya ce mai tsada wadda masana tattalin arziki da yawa suka kushe a lokacin, amma ita ta buɗe ƙofar da haraji zai iya tura mutane ciki yau. Wani nazari a mujallar Science a 2024 ya duba manufofi 1,500 a ƙasashe 41, ya samu wurare 63 kaɗai da aka yi babban ragi, kuma a yawancinsu haɗin gwiwa ne: farashi tare da tallafi, ko tare da doka. Ni dai abin da na karanta a ciki shi ne, tsarin lokaci yana da muhimmanci. A fara da gina madadin, sannan a ɗaga farashi, a kuma fara da inda masu yanke shawara kaɗan ne masu lissafi.

Saura batun gudun hayaƙi, wato masana'anta ta bar ƙasar da ke da haraji ta koma wadda babu, duniya ta tashi a tutar babu. Binciken da aka yi a Turai bai ga hakan ya faru sosai ba, amma wani dalilin shi ne an riga an rarraba wa masana'antun ƙarfe da siminti takardun izini kyauta don kada su gudu, wanda kuma ya rage musu ƙaimin gyarawa. Tarayyar Turai na ƙoƙarin warware wannan ƙulli da harajin kan iyaka a kan siminti, ƙarfe, alminiyam, takin zamani, lantarki da haidirojin da ake shigowa da su. An fara da bayar da rahoto kawai a Oktoban 2023, biyan kuɗi ya shafi kayan da suka shiga daga 2026, yayin da za a riƙa janye takardun kyauta a hankali. Indiya da Sin da wasu ƙasashe masu tasowa suna kallonsa a matsayin kariyar kasuwa da aka shafa wa koren fenti, kuma ba su rasa hujja ba, tunda ba su suka cika sararin sama da hayaƙi tun farko ba. Sai dai ya riga ya sa wasu gwamnatoci tunanin gara su karɓi kuɗin a gida da a karɓe shi a tashar jiragen ruwan Turai.

Gwaji na gaba da ya kamata a sa wa ido yana Denmak. A 2024 ƙasar ta amince da harajin farko a duniya kan hayaƙin dabbobi, galibi iskar metan da shanu ke fitarwa, wanda zai fara a 2030 a kan kurona 300 a tan, da rangwamen kashi 60 da zai mayar da shi 120 a zahiri. Niyu Zilan ta yi shirin irin wannan ta janye a shekarar. Na Denmak kuwa an zauna da ƙungiyoyin manoma aka tsara shi, aka kuma haɗa shi da kuɗin dasa dazuzzuka da sayen filayen dausayi daga hannun manoma, da tallafin sauya abincin dabbobi, shekaru kafin a karɓi ko kurona ɗaya.